Daga ina kalmar nan ta fito? Jagorar bin sawun kalmomi ga mazauna fada a Yamai

Ranakun mako bakwai ne, amma babu ko ɗaya da sunanta ya tsiro a ƙasar Hausa. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis ƙidayar Larabci ce tsagwaronta, daga ɗaya zuwa biyar. Juma'a ranar taruwa ce, tushenta ɗaya da jama'a da jam'i da jami'a. Asabar kuwa daga “as-sabt” ta fito, ranar hutun Yahudawa. Ke nan Ladi da Talatu da Balarabe da ke cikin danginka duk da lamba ake kiransu, Ɗanlami ma ɗan ta biyar ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Irin wannan zance ne ke riƙe samari a fada a Yamai har shayi na uku ya huce. Abin haushin shi ne wanda ya fi kowa murya shi ke cin gardama, kuma mafi yawan labaran asalin kalma da ake bayarwa an ƙera su ne don su yi daɗin ji. Alhali akwai hanyar rarrabe gaskiya da shaci-faɗi, kuma ba sai mutum ya je jami'a kafin ya iya ta ba. Kayan aikin su ne kunne mai kyau, kaye (littafin rubutu) da bik, waya mai ɗaukar murya, da ɗan goron da za a kai wa tsofaffi. Ga yadda ake yi, daki-daki.

Mataki na farko: ji kalmar kafin ka rubuta ta

Zaɓi kalma ɗaya tak, kuma ta zama sunan abin da ake gani ake taɓawa: kayan miya, kayan gareji, tufafi, kuɗi, abin hawa. Irin waɗannan ne ke yawo tare da fatake. Su ruwa da wuta da ci da sha ka bar su tukuna, sun girmi duk wata takardar da za ka iya samu.

Kada ka yarda da rubutu. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya bambanta wasalin da aka ja da wanda aka datse. Shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suka zama abu ɗaya a takarda, haka kukar miya da kukan yaro. In ɗan lakwal a Yamai ya rubuta cewa mushe ya shigo aji, Bakano na karantawa zai toshe hanci. Mushen ɗan lakwal daga “monsieur” na Faransanci ya fito, malamin makaranta yake nufi. Ɗayan kuwa tsohuwar Hausa ce, dabbar da ta mutu ba yanka. A baki ba a faɗinsu iri ɗaya, takarda ce ta haɗa su. Saboda haka ka sa mutum ya faɗi kalmar a cikin jimla, ka ɗauka a waya, ka saurara da kyau.

Kuma kada ka tsaya a bakin mutum ɗaya. Yamai ta tara kowa: Adarawa daga Tawa, Gobirawa daga Tibiri, Arawa daga Dogon Dutsi, Kurfayawa daga Filinge, ga Damagarawa. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce ga mai bincike, don Hausar yamma ta riƙe tsofaffin siffofin da Hausar Kano ta sassaƙe. Mutumin yamma yana cewa zamna, amre, abduga, inda Bakano ke cewa zauna, aure, auduga. Da ka ji “zamna” za ka ga zama a cikinta ƙarara, abin da “zauna” ta ɓoye. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, shi ya tsara wannan ƙa'ida a 1928, har yau da sunansa ake kiranta. Haka nan “ɗiya” ita ta haifi “ƴa”. Don haka wanda ake yi wa dariya a fada saboda ya ce “mi ka ce?” shi ne babban shaidarka, shi ya cancanci kofin farko.

Mataki na biyu: fasa ta ka ga ko ƴar gida ce

Kafin ka nufi Makka ko Faris neman asali, duba ko a gida aka haɗa kalmar. Cire “ma” na farko: mabuɗi daga buɗe, madubi daga duba, masaƙa daga saƙa. Wasu kuma jimla ce sukutum aka mayar suna, kuma a nan barkwancin Bahaushe ya fi fitowa fili. Kwanon tangaran faɗi-ka-mutu ne. Hular da bakinta ke tokare ƙasa in an yi sujada hana-salla ce. Ga dafa-duka, ga a-ci-balbal. Keke mai ƙafa uku da ake ce wa a-daidaita-sahu ya samo sunansa daga wani shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya hau mulki a 2003, shi kuma shirin daga bakin liman ya aro shi, abin da ake faɗa kafin a tayar da salla. Keken ya ƙetaro iyaka, sunan ya biyo shi.

Sunayen unguwanni da garuruwa suna da nasu lulluɓin, wato rubutun Faransawa. Inda ka ga “ou” karanta u, inda ka ga “tch” karanta c, inda ka ga “dj” karanta j. Nan take Boukoki ta koma bukkoki, jam'in bukka, ka san irin gidajen da aka fara kafawa a wurin. Guidan Roumdji ta koma Gidan Rumji. Zongo zango ne, masaukin fatake. Katako da Wadata ba su bukatar tafinta. Harobanda Zabarmanci ce, bayan ruwa, wato ƙetaren kogi inda jami'a take. Lazaret kuwa Faransanci ne, wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa.

Sai dai fasawar farko ba ta gama aiki. Makaranta “ma” ce da karanta, gaskiya ne. To ita karanta fa, daga ina?

Mataki na uku: dubi goshin kalma

A nan ya kamata ka daɗe, don mafi yawan baƙin kalmomi a goshinsu ake gane su.

Fara da “al”. Balarabe yana liƙa wa suna “al” a gaba don ya nuna abu sananne. Kakanninmu da suka ji kalmomin a bakin fatake ba su raba ta da sunan ba, suka haɗiye duka. Albasa “al-basal” ce, ko da kuwa ƴar Galmi ce mai ruwan hoda da ta yi suna har bakin teku. Alƙalami “al-ƙalam”, aljihu “al-jaib”, alkama “al-ƙamh”, almakashi “al-miƙass”, almajiri “al-muhajir”, mai ƙaura don neman ilmi. Wani lokaci “l” ɗin yana narkewa cikin baƙin da ke binsa, abin da kowane almajiri ya sani da haruffan shamsiyya. Daga nan muka samu annabi, addini, addu'a, attajiri, azzalumi, arziki, asiri.

Akwai kuma waɗanda “a” ɗin ya faɗi, “l” ya saura. Lafiya “al-afiya”, labari “al-khabar”, littafi “al-kitab”, lokaci “al-waƙt”, liman “al-imam”, lahira “al-akhira”. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne tagwaye, kalma ɗaya da ta shigo sau biyu ta ƙofa biyu. Laifi da aibi duk “aib” ne. Lissafi da hisabi duk “hisab” ne. Laya da aya duk “aya” ce. Mai “l” ta shigo ta kunne, a kasuwa da zango, ta sha gogayya har ta sauya kama. Marar “l” ta shigo ta littafi, a zauren malam, shi ya sa ta fi kama da ta asali. In ka ci karo da irin waɗannan, ka san mai “l” ta riga zuwa.

Abin dariyar shi ne da Faransawa suka zo, kunnenmu ya sake yin abin da ya saba. Su ma suna liƙa “l” a gaban suna. “L'école” ta zama lakwal ko lekol, “l'impôt” ta zama lanho ko lampo. Shekaru ɗaruruwa tsakanin baƙin biyu, amma tarba iri ɗaya aka yi musu.

Yanzu “ta”. Sunan mace a harshen Tamajak na Abzinawa da “t” yake farawa, sau da yawa da “t” yake ƙarewa. Takobi “takoba” ne. Tozali “tazolt” ne. Talaka ma daga can ya zo. Takarda “takarde” ce, amma ita tafiyarta ta fi haka nisa: Barbar na arewacin Afirka sun karɓo ta daga “charta” ta Latin, ita kuma daga Girkanci. Daga wannan “charta” ɗin ne Faransanci ya samu “carte”, Ingilishi ya samu “card”, mu kuma muka sake karɓa a matsayin kati. Ashe takarda da katin waya jikokin kaka ɗaya ne, ɗaya ta zo bisa raƙumi, ɗaya cikin jirgin ruwa. Shi kansa raƙumin sunansa daga harsunan Barbar ne. Wani masani ɗan Holan, Maarten Kossmann, ya yi littafi guda a kan waɗannan kalmomi a 2005.

Barebari ma sun bar tambarinsu. Kasuwa “suƙ” ce ta Larabci, amma ta biyo ta Barno, inda aka ɗora mata “ka” ta zama “kasugu” kafin ta iso mu. Galadima, ciroma da yarima sarautun Barno ne. Amsar tambayar da muka bari a baya ma tana nan: tushen karatu “ƙara'a” ne na Larabci, amma wutsiyar “tu” da ke jikin karatu da rubutu ta harshen Barebari ce. Da wannan hujja Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa ta Barno karatu da rubutu suka shigo ƙasar Hausa.

Kafin ka ɗauki zafi, ga gargaɗi. Goshi alama ce kawai, ba hukunci ba. Alade yana da “al” amma daga “elede” na Yarbanci yake. Alawus Ingilishi ne. Ashana ta yi kama da Balarabiya, nan kuwa Bayarabiya ce, “ishana”, abin ƙyasta wuta. Lauya, lebura da layi duk “l” ɗinsu na Ingilishi ne. Tasha, taya da tela ba su taɓa ganin Abzin ba.

Mataki na huɗu: yaushe abin ya zo, ta wace hanya?

Suna yana bin kayansa. Don haka ka ajiye kalmar ɗan lokaci, ka tambayi tarihin abin.

Kayan zamani su suka fi sauƙi, saboda iyakar da Turawa suka shata ta raba mana su gida biyu. A nan gudro, a Kano kwalta, daga “goudron” da “coal tar”. A nan kuran, can lantarki. A nan esansi, can fetur. A nan buji, can fulogi. A nan duwan, can kwastan. A nan so, can bokiti. Amma ka lura, iyakar ba ta hana Ingilishi tsallakowa ba. Mota, tasha, tela, kanti, birki, duk muna faɗinsu a Yamai. Dalili kuwa jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kuma gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta can ta riƙa fita, kayan kanti ta can suka riƙa shigowa. Likita ma “doctor” ne na Ingilishi, sai dai mu mun faɗaɗa shi har ya haɗa da ginin, shi ya sa ake cewa an kai wane likita. Piya-wata ta baya-bayan nan ce, amma hanyar dai ita ce.

Wasu sunayen mutane ne ko na kamfani. Bik daga Marcel Bich ne, wanda kamfaninsa ya fitar da alƙalamin a Faransa a 1950. Biron da ake faɗa a Nijeriya daga László Bíró ne, ɗan jaridar ƙasar Hangare da ya ƙirƙiro irin wannan alƙalami. Ke nan kowane ɓangaren iyaka sunan wani Bature yake kira in zai yi rubutu. Magi Julius Maggi ne, mutumin Suwizalan. Lipton da mai shayi ke tsoma maka a kofi Thomas Lipton ne, ɗan kasuwa daga Sikotilan. Omo sunan haja ɗaya ce da ya cinye sunan duk wani garin sabulu.

Hattara da sunan da ke nuna hanya maimakon mahaifa. Masara tana ɗauke da sunan Masar, amma a Meziko aka fara noma ta, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Sunan yana gaya maka inda kakanninmu suka ɗauka ta fito ne kurum. Ba mu kaɗai ba: Turkawa ma da sunan Masar suke kiranta, tsofaffin Faransawa kuwa alkamar Turkiyya suke ce mata. Gwandar Masar ma ƴar nahiyar Amurka ce.

Shayin da ke kan gawayi a gabanka ya fi su duka labari. A Sin harafi ɗaya ake rubuta sunan ganyen da shi, amma faɗin ya kasu biyu. Mafi yawan ƙasar “ca” suke cewa, kuma wannan ita ta bi ta tudu, ta Farisa, ta zama “shai” a Larabci, ta zama shayi a bakinmu. Mutanen gaɓar Fujiyan kuwa “te” suke cewa, a wurinsu ƴan Holan suka saya suka kai Turai cikin jiragen ruwa, daga nan “thé” na Faransanci da “tea” na Ingilishi. Sukarin da ke ciki ya taso daga Indiya, “sharkara” a harshen Sanskirit, ya bi ta Farisanci da Larabci.

Mataki na biyar: gwada sauyin sauti

Baƙuwar kalma kamar amarya ce, sai an yi mata wanka da lalle irin na gidan kafin ta zauna. Kuma gyaran yana da tsari. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a farkon kalma, sai ta tsarma wasali: burodi, sukurudireba. Ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai ta ƙara wasali: alƙalami, littafi, bokiti. P yana komawa f: fenti, famfo, fasinja, a bakin Ba'adare ma ya zarce zuwa h ko hw. V yana komawa b: direba, biza. Sautin hanci na ƙarshen kalmar Faransanci yakan faɗi: gudro, kamyo.

Amfanin wannan shi ne, duk wanda ya kawo maka asalin wata kalma, ka nemi wasu kalmomi biyu ko uku da suka sauya ta irin wannan hanya. In babu, ka sa alamar tambaya.

Mataki na shida: shiga gari ka tambaya

Mai bincike a Yamai bai da uzuri. A yini ɗaya za ka iya tambayar Bazabarme a Katako, maƙerin azurfa Ba'abzine a Wadata ko a gidan tarihi na Boubou Hama, mai nono Bafulatana, da Bayarabe mai sayar da kayan mota. Ka nuna abin, ka tambayi sunansa a harshensu, ka rubuta. In kalma ɗaya ta bayyana a harsuna huɗu, lalle wani ya ara daga wani. Wanda zai iya fasa ta da harshensa, galibi shi ne mai ita. Bayarabe zai fasa maka ashana da akawu, mu ba za mu iya ba. A Yarbanci agogo ƙararrawa ce tun kafin ta zama abin duba lokaci. Kawu, goggo da baffa kuwa a wurin Fulani za ka same su. Aron kuma ba hanya ɗaya yake bi ba: “alubosa” da “wahala” da Bayarabe ke faɗa daga hannunmu ya karɓa, bayan mu mun karɓo daga Larabawa.

Wurin tsofaffi akwai dabara. Kada ka ce a gaya maka asalin kalma, don dattijo ba zai so ya sallame ka hannu wofi ba, zai ba ka labari mai daɗi. Ka gaisa tukuna, ka ajiye goro, sannan ka tambayi abin da ya gani da idonsa. “Baba, da kuna yara, mi kuke ce ma wannan?” “Inna, kafin magi ta zo, da mi kuke gyara miya?” “Malam, wa kuka fara ji ya faɗi haka?” Amsar irin wannan tambaya shaida ce, kuma a hanya za ka tsinci kalmomin da ba ka zo nema ba.

Mataki na bakwai: buɗe tsohon ƙamus

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 yana kan intanet, ana bincikawa kyauta da waya. Yana nuna kalmomin da ya ɗauka na Larabci ne ko na wani harshe, yana kuma nuna na Katsina da na Sakkwato. Babban amfaninsa shi ne shekarar. Duk kalmar da ka samu a ciki ta girmi 1934, saboda haka duk labarin da ya jingina ta ga wani abin da ya faru bayan nan ya rushe. Akwai waɗanda suka fi shi tsufa, kamar na J. F. Schön na 1876, wanda ya yi aiki da Dorugu, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Don kalmomin wannan ɓangare na iyaka, nemi Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini. Wanda abin ya kama shi sosai ya leƙa cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami, ko cibiyar CELHTO da ke tattara adabin baka.

A kayenka ka ware wa kowace kalma shafi, ka rubuta yadda kowane yanki ke faɗinta, wanda ya faɗa maka, da abin da ƙamus ya ce. A ƙasa ka sa mata ɗaya daga cikin hukunci uku: tabbas, mai yiwuwa, ko hirar fada. Sababbin kalmomi ma ka riƙa kama su tun suna ɗanye, musamman yanzu da kundin da aka zartar a Nijar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ana ta neman sunayen abubuwan ofis. Wanda ya rubuta ranar da ya fara jin kalma ya hutar da jikokinsa.

Tarkon da ya fi kama mutane

Kama da wane ba ta wane. Shekara da shekaru ana cewa boko daga “book” na Ingilishi ya fito, har a littattafai. Gwada shi da mataki na biyar. “Cook” ya ba mu kuku, to da “book” ne da buku za mu ce. Gwada shi da na bakwai: boko tsohuwar kalma ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da ake fitarwa don a ɓatar da sawun ta gaskiya. Paul Newman ya warware wannan a 2013. Iyayenmu ne suka raina karatun Nasara suka laƙaba masa sunan jabu.

Haka labarin cewa Hausa daga “hau sa” ta fito, wai wani ya zo bisa sa. Labari ne mai daɗi, amma duk wanda ya iya Hausa zai iya ƙera goma irinsa kafin ruwa ya tafasa. Abin da ya fi shi amfani yana nan bakin kogi: a Zabarmanci da Sonrai “hausa” sunan gaɓar hagu ce ta kogin Isa, kishiyar “gurma”. Sunan Yamai kansa yana da labarai da dama, kowane da masu rantsuwa a kansa, duk a shafin hirar fada za ka sa su.

Akwai kuma kamar da ba aro ba ce, gado ce. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban dangin da ya haɗa Larabci, Ibrananci, Amharanci, Tamajak, Somaliyanci da harshen Masar ta Fir'auna. Shi ya sa muke cewa gidanka da gidanki, Balarabe yana cewa “baituka” da “baituki”. Muna cewa ya rubuta, ta rubuta, yana cewa “yaktubu”, “taktubu”. Mutu da “maut”, suna da “ism”, halshe da “lisan” da “iles” na Tamajak, duk daga kaka ɗaya suke. Ba wanda ke zuwa maƙwabta aron “ka” da “ki”. Don haka in wani ya ce Hausa daga Larabci ta fito, ka ce masa dangi ne na nesa da suka sake haɗuwa a kasuwa da masallaci. Ƙidaya ma ta nuna: ɗaya zuwa goma namu ne, daga ashirin zuwa casa'in na aro, kuma har yanzu akwai tsofaffin da ke cewa gomiya biyu, gomiya uku.

Mu gwada da dala

Baƙo ya zo Yamai, mai tebur ya ce masa dala ashirin, ya miƙa abin da ya ga dama, aka ce sai tamma 100. Me ya sa dala ɗaya take tamma 5?

Kalmar ba ta fasuwa da Hausa, ba ta da “al”, ba ta da “ta”, kuma ba ruwanta da Dutsen Dala na Kano. Zabarmawa ma biyar-biyar suke lissafin kuɗi, “waranka” ashirin ce, a kasuwa kuwa tamma 100. To sai tarihin abin. A ƙarni na 19 akwai wani babban tsabar azurfa da ya yi yawo daga Bahar Maliya har Barno da ƙasar Hausa, mai ɗauke da hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan nan wannan shekarar ake sa masa, don ƴan kasuwa ba su yarda da wani ba. Sunansa “thaler”, daga Joachimsthal, wani kwari mai ma'adinin azurfa a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, inda aka fara buga irinsa wajen 1520. “Thal” kwari ke nan a Jamusanci. Daga wannan suna ne dalar Amurka ta fito, daga shi ne tamu ta fito. Nauyin tsabar Maria Theresa giram 28 ne. Da Faransawa suka kawo tsabar azurfarsu ta faran 5 mai giram 25, sai mutane suka ga girman kusan ɗaya ne, suka ba ta tsohon sunan. An kafa kuɗin sefa a Disamban 1945, azurfa ta ɓace daga hannu, amma lissafin bai motsa ba: dala biyar 25, dala ɗari 500, dala ɗari biyu 1,000, wato jika.

Ita jika jaka ce, daga zamanin da ake ƙirga kuɗi da buhu. Kuɗi kuwa jam'i ne, tilonsa wuri, wanda ya saura a bakin mai cewa ba shi da ko wuri. Su wuraren daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso su, da farko ta Sahara bisa raƙuma, daga baya cikin jiragen ruwan Turawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, sannan fatake su hauro da su arewa.